Lambar da Delu Ta Rufe

A wani daji da ake kira Dajin Marke, a bakin shingen da ke kan iyaka, wata 'yar zomanya mai suna Ladingo ta ɗago kai daga bayan mota ta tambayi uwarta da ƙarfi, yadda kowa zai ji:

"Inna, sata muka yi?"

"Ba mu yi sata ba. Koma ki kwanta."

"To me ya sa mai hular nan ya ƙwace mana makulli?"

Mai hular, wato Kofur Dila, yana tsaye dab da su yana kaɗa makullin a yatsa. Ya ji sarai, amma ya daɗe a aiki, ya san maganar da ake ji da wadda ake bari ta wuce.

Uwar yarinyar, Delu, zomanya ce daga Dajin Tsamiya, maƙwabcin wannan dajin. Tana da wata tsohuwar akori-kura da take kai ganye kasuwa da ita, motar da ba ta tashi sai an tura. Yau kam ba ganye ta ɗauko ba. 'Ya'yan zomaye suna da ɗabi'ar zama a ƙarshen mota su saki dogayen ƙafafunsu suna lilo, daidai inda ake kafa lambar mota. Ita kuwa lamba da kwano ake yin ta, bakinta kamar aska. Shi ya sa iyaye mata a Dajin Tsamiya suke saƙa mata gewaye da kaba, kamar yadda ake ɗaure bakin faifai. Da majalisar can ta ga iyaye sun riga sun magance matsalar da kansu, sai ta yi maza ta mayar da abin doka, don kada a ce ba ta yi komai ba.

Ranar da aka ba Delu sabuwar lamba, kafin ta jiƙa kaba, kwanon ya tsarge Ladingo a ƙafar baya. Ta saƙa gewayen a ranar, amma ciwon ya ƙi jin magani, ya yi ruwa, ƙafa ta kama kumbura. Wanzamin garinsu ya duba ya girgiza kai, ya ce a kai ta wurin Goggo Bushiya mai allura, can ƙarshen Dajin Marke. Ya ce muddin kumburin ya haye gwiwa, sai dai a cire ƙafar. Kowa a daji ya san tsawon kwanan zomo mai ƙafa uku. Delu ba ta tsaya kuka ba. Ta ɗaura jan zare a gwiwar yarinyar don ta riƙa ganin inda kumburin ya kai, ta shimfiɗa mata zane a baya, maƙwabta suka tura mota.

"Yallaɓai," in ji Delu, "don Allah mene ne laifin?"

"Zo ki gani da idonki." Dila ya zagaya baya, ya ɗora kan sandarsa a kan lambar. "Karanta."

"Dajin Tsamiya. Ga lambobin nan kuma, ko makaho ya shafa zai gane."

"A ƙasa fa?"

A can ƙasan kwanon akwai wani rubutu ƙanana, kirarin da kowane daji yake sa wa kansa. Na su Delu shi ne: Dajin Inuwa da Albarka. Kabar ta ɗan hau gindin haruffan.

"Kin rufe wa kirari ƙafafu," in ji Dila. "A nan dajin, rufe lamba babban laifi ne."

"Ai kirarin namu ne, Yallaɓai, ba naku ba. Mu da muke kwana a ciki ma har yau ba mu ga albarkar ba."

"Wannan tsakaninku ne."

"To bari in kwance shi yanzu, a gabanka."

"Kul! Kika taɓa, kin ɓata shaida. Shi kuma laifinsa ya fi na farko."

"A dajinmu wanda ba shi da gewayen ake kamawa."

"To da kin zauna a dajinku."

Delu ta matsa wurin yarinyar. Ta ɗaga zanen ta nuna masa ƙafar. Ta yi sumul tana sheƙi, saura kaɗan tsakaninta da jan zaren. Dila ya leƙa, ya yamutsa fuska, ya ja da baya.

"Assha. Allah ya ba ta lafiya. Amma ni, baiwar Allah, lamba aka ɗauke ni in duba. Ƙafa tana da nata ofishin." Sai ya sassauta murya, kamar mai ba da kyauta. "Kin ma yi sa'a. Majalisar Lambobi tana zama yau, ga ta can."

Ga ta can ɗin kuwa, a gindin wani ƙaton marke kusa da shingen. An zaɓi wurin ne don majalisa ta kusanci talakawa, kuma an yi dace inuwar tana da kyau, mai tsire ma ba nisa. Shugabar majalisar Dorina ce. Ba ta taɓa shiga mota ba, domin ba a ƙera wadda za ta ɗauke ta ba, shi ya sa aka yarda ba za ta yi son kai ba. Masanin doka shi ne Malam Mujiya, wanda ba ya gani da rana, amma da rana ake zama. Sai Hawainiya, wakilin jama'a, wanda bai taɓa faɗuwa a muhawara ba tunda bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Aka tura motar zuwa gindin marken, aka tsayar da Delu a gaba. Ta durƙusa ta gaida su, sannan ta ce:

"Ranku ya daɗe, ni ba doguwar magana gare ni ba. Kwano ya yanki 'yata, na ɗaure masa baki don kada ya yanki wata. Sunan dajinmu a fili yake, lambobina a fili suke. In na buge wani, duk mai ido zai iya faɗin motar da ta buge shi, kuma a sanina don haka aka yi lamba. Yarinyar nan ana jiran ta wurin mai allura. Ku ba ni dama in kai ta. In na dawo ku riƙe motar, ku riƙe ni, ku riƙe kabar ma ku yi igiya da ita."

Dorina ta yi hamma, wadda a wurinta alama ce ta natsuwa. Ta ce: "Majalisa ta ji, kuma ta girgiza. Ni ma uwa ce. Babu abin da ya fi lafiyar yara muhimmanci a wannan daji, shi ya sa ba za mu yi gaggawa a kan maganar da ta shafi yaro ba. Malam Mujiya, me doka ta ce?"

Mujiya ya gyara tsayuwa, ya juya fuskarsa wajen kututturen marke, yana zaton Delu ce. Ya ce:

"Ranki ya daɗe, doka ta raba abu biyu. Akwai gewaye, akwai rufi. Gewaye ado ne, doka ba ta gaba da ado. Rufi kuwa yaudara ce. Iyakar da ke tsakaninsu ita ce faɗin yatsa ɗaya. Abin da bai wuce yatsa ba gewaye ne, wanda ya wuce ya zama rufi. Baƙo kuma, in ya shigo dajinmu, dokarmu ce a kansa. Dokar dajinsu muna girmama ta ƙwarai, shi ya sa muke ajiye ta a bakin shinge don kada ta yi datti, in zai fita ya ɗauki abarsa."

"To a auna mana," in ji Delu. "Ga kabar, ga yatsu."

Dorina ta miƙa yatsanta. Ya rufe gewayen, ya rufe lambobin, ya rufe rabin ƙofar motar. Da wannan ma'auni Delu ba ta da laifi, har ma ana iya cewa tana bin doka bashin kaba. Sai Hawainiya ya taka a hankali ya ɗora nasa. Gewayen ya ninka nasa sau uku.



"Yatsan wa doka take nufi?" in ji Dorina.

"Doka ba ta fayyace ba," in ji Mujiya.

"Wa ya rubuta ta?"

"Marigayi Maciji, ranki ya daɗe."

Aka yi masa addu'a. Babu wanda ya ga ya dace a ce komai game da yatsun marigayin.

Hawainiya ya miƙe, ya zama kore, ya ce: "Ni dai ina tare da wannan baiwar Allah ɗari bisa ɗari. Uwa ce, kuma baƙuwa ce, kuma dajinmu an san shi da karamci." Ya juya ido ɗaya ya ga Dila ya ɓata rai, sai ya koma ruwan ƙasa. "Sai dai kuma ina tare da jami'anmu da ke shan rana saboda mu. In aka saki kaba yau, gobe wani zai zo da tabarma. Saboda haka shawarata ita ce a sake ta, kuma a riƙe ta."

Aka tafa masa. An daɗe ba a ji magana mai daidaito irin wannan ba.

Delu ta saci jiki ta leƙa bayan mota. Ladingo ta daina tambaya, kuma wannan ya fi tsorata ta. Jikin yarinyar ya ɗauki zafi, kunnuwanta sun kwanta. Delu ta tsiyaya mata ruwa a baki, ta jiƙa gefen zane ta ɗora mata a goshi. Kumburin ya matso, har gashin da ke kusa da zaren ya fara miƙewa.

Ana cikin haka sai aka ji jiniya. Tun kafin a ga komai Dila ya riga ya jefar da sandarsa, ya ɗage shinge, ya ƙame. Majalisa ta miƙe tsaye, har Dorina, wadda tashinta kan ɗauki lokaci. Wata baƙar mota ta taho a guje, gilasanta baƙi wuluk, ta watsa wa majalisa ƙasa a fuska ta wuce. Delu ta bi bayanta da kallo. Inda lamba ya kamata ta kasance, wata baƙar jakar fata ce aka zura, ta rufe kwanon ruf, ko kusurwa ba a gani.

"Allah ya kiyaye hanya!" in ji majalisa baki ɗaya, suna tofar da ƙasa.

"Malam," in ji Delu, "waccan fa? Yatsa nawa ke nan?"

Mujiya ya yi murmushin da malamai ke yi wa wanda ya yi tambayar yara. Ya ce:

"'Yata, ke baƙuwa ce, ba za a ga laifinki ba. Wanda ya rufe gefen lamba, yana so a ɗauka bai rufe ba, wannan shi ne mayaudari. Wanda ya rufe ta duka kuwa bai ɓoye wa kowa cewa ya rufe ba. Gaskiyarsa a fili take. Ban da haka, doka tana hukunta abin da aka gani a jikin lamba. Lambar da ba a gani, da me za a tuhume ta? Wannan ba rufi ba ne. Sunansa alfarma."

"Wa ke cikin motar?"

Dila ya zaro ido. "Ke! Ba a tambaya."

"Ba ku san shi ba?"

"In da wanda za a sani ne, ai da bai rufe ba."

Dorina ta yanke hukunci. Za a kafa kwamiti ya je ya gana da iyalan marigayi Maciji, ya binciko yatsan da yake nufi. Kafin nan mota za ta zauna inda take. Yarinya kuwa majalisa ta yi mata fatan alheri, an kuma umarci a rubuta fatan a cikin bayanin zama. Daga nan aka ɗage zama don cin abinci, kowa ya nufi wajen mai tsire, Dila a gaba da makulli a aljihu.

Delu ta hau bayan mota. Zaren ya fara nutsewa cikin nama.

Ta yi tunanin goya yarinyar ta kama hanya da ƙafa, ta auna nisan, ta auna waɗanda ke kwana a bakin hanyar, ta bar wannan. Ita mace ce da ko layin rijiya ba ta taɓa tsallakewa ba. Ta tuna yadda take hana Ladingo ɗaukar ko ɗan goriba da ba nata ba. Sannan ta sake duban ƙafar.

A kujerar direba akwai wani matashin baƙar fata da take zama a kai don ta hango hanya ta saman sitiyari. Ta jawo shi, ta farke ɗinkin da haƙori, ta zazzage audugar a ƙarƙashin kujera. Ta zagaya baya ta zura fatar a kan lambar, da kwanon da kabar da kirarin da albarkar duka, ta ɗaure ta tamau. Ba ta taɓa gewayen ba, kada a ce ta ɓata shaida. Ta ɗauko Ladingo ta kwantar da ita a gaba, ta shiga ta rufe ƙofa, ta ɗaga gilashi, ta jira.

Dila ne ya fara dawowa yana sakace. Ya zagayo bayan motar, ya tsaya cak. Tsinken ya faɗi daga bakinsa. Ya duba fatar, ya duba motar, ya sake duba fatar. Motar dai ita ce, ga tsatsarta, ga ƙofar da aka ɗaure da waya. Amma fata fata ce. Ya tuna labarin wani kofur da ya taɓa ɗaga irin wannan don ya ga abin da ke ƙasa, yanzu yana gadin wata rijiya da ta ƙafe. Wa ya sani ko matar wani ce ta fito gwada su? Manya suna da irin wannan wasan.

Ya lallaɓo wajen taga. Da babu matashi, Delu ta nutse a kujera, kan kunnuwanta kawai ake hangowa. Wannan ya ƙara masa tabbaci, don a iya saninsa manya ba a ganin su sosai.

"Hajiya," ya ce da ƙaramar murya, "ranki ya daɗe, ai da kin yi mana bayani tun farko."

Delu ta sauke gilashi kaɗan, ta miƙo hannu. Dila ya ɗora mata makullin da hannu biyu.

"In an je gida, a ce Kofur Dila yana gaisuwa. Dila, na shingen Marke. Aiki ne kawai, ranki ya daɗe, ba raini ba."

Ta murɗa makulli. Motar ta yi tari ta yi shiru, kamar yadda ta saba.

"Jama'a, a taimaka!" in ji Dila. "Motar Hajiya!"

Majalisa ta baro tsire ta taho. Mujiya ya shafa fatar da fiffike ya tabbatar cewa a halin yanzu babu gewayen da ake gani, saboda haka babu ƙara, kuma a gaskiya tun farko shi ya ji a jikinsa. Hawainiya ya koma baƙi don ya dace da fatar, ya tuna wa kowa cewa shi ne ya fara cewa a sake ta. Dorina ta sa kafaɗa ta yi turi ɗaya, akori-kura ta tashi da ƙarar da ba ta taɓa yi ba tun tana sabuwa. Kwamitin dai ba a rushe shi ba, tunda an riga an zaɓi waɗanda za su yi tafiyar.

Delu ta yi tuƙin nan a tsaye, ƙafa ɗaya a kan totur, haɓa a kan sitiyari. Akwai wasu shingaye a gaba. Kowanne tun daga nesa ake leƙen bayanta, a ɗage, a ƙame. A wani ma har wani ya bi ta da gudu yana ba ta haƙurin ramin da ke hanya.

Ta iso gidan Goggo Bushiya rana ta karkata. Tsohuwar ta yanke zaren da ƙyar, ta matsa nan, ta matsa can, Ladingo ta callara ƙara.

"Yi kukanki, 'yar nan, ƙafar da ke jin zafi ba ta mutu ba." Ta zaro ƙaya ɗaya daga bayanta ta huda ciwon, ta dubi Delu ta ƙasan ido. "Ke kuma wace irin uwa ce? Ina kika tsaya? Da kin ƙara ko shan ruwa a hanya, da wuƙa zan ɗauko ba allura ba."

"Majalisa ce ta tsaya yi mata fatan alheri, Goggo."

"Uhm. Riƙe mini ita."

Da aka gama, aka ɗaure, yarinya ta yi barci, sai Delu ta fito zaure. A nan ta tarar da wata gada zaune a kan tabarma, ta zuba wa ƙofar ɗaki ido. Suka gaisa. Delu ta tambaye ta mai jiki.

"Ɗana ne," in ji gadar. "Ɗazu da rana, yana bakin hanya yana cin ciyawa. Ko kan titi bai hau ba. Mota ta kwashe shi, ba ta ko rage gudu ba. Goggo ta ce ƙugun ne, sai abin da Allah ya yi."

"Innalillahi. Ba a ga motar ba?"

"Kowa ya gan ta, 'yar'uwa. Na je shinge na faɗa, suka ce in kawo lamba, alhali a rufe take da baƙar fata." Ta ɗaga kai ta hango waje ta ƙofar zaure. "Ga irinta can ma an ajiye. Ko wane babba ne ya zo? Allah dai ya isa."

Delu ta bi inda take kallo. Akori-kurarta ce, da baƙar fatarta a ɗaure tamau. Ta tashi ta ɗebo wa gadar ruwa, ta zauna kusa da ita har aka kira ta ciki.

Da za su koma gida ta tsaya a bayan motar, hannunta a kan ƙullin. Ta daɗe a haka. Tsakaninta da Dajin Tsamiya akwai shingayen nan duka, ga yarinya da ɗanyen ciwo, ga kaba a ƙarƙashin fata tana jiran yatsan Maciji. Ta ƙara wa ƙullin ƙarfi, ta roƙi masu jinya su tura.

Kai mai karatu, in kana tafe da yaro ka hango mota da rufaffiyar lamba, kada ka tsaya tunanin ko uwa ce ke sauri zuwa wurin mai allura. Ka fizge ɗanka zuwa cikin ciyawa tukuna, in ya so ka sara mata daga can.